Ƙasar da Na Ɗebo wa Mama a Girka

Da na faɗa wa Mama cewa ofis zai tura mu kwas na sati ɗaya a ƙasar Girka, ba ta ce Allah ya kiyaye hanya ba, ba ta kuma tambayi ko ana sanyi a can ba. Tashi ta yi ta shiga ɗaki. Na ji tana ta kwaramniya da kwanuka, can sai ga ta da wani gwangwanin madarar gari mai murfi, ta wanke shi tas har rubutun jikinsa ya fara gogewa. Ta dire mini shi a cinya.

"Yaya, za ka ɗebo mini ƙasan kabarinsa."

Yaya take kirana tun lokacin da autanmu yake koyon magana, sunan ya bi ni har girma. Hausar Mama kuwa ta kasuwa ce da coci, ba ruwanta da mace ko namiji, "ka" take ce wa kowa. Na dubi gwangwanin na ce to. Me zan ce? Duk danginmu ni kaɗai na san babu wani kabari.

A lokacin wata takwas ke nan da rasuwar auta. Gyaran waya yake yi a Nyanya, a gefen Abuja, yana zaune da Mama a Jikwoyi, a ɗaki biyun da na gina mata bayan rasuwar Baba. Wata rana ya ce ya samu biza, zai je Turkiyya saro kaya. Na yi masa faɗa irin na yayye, ya yi mini dariya irin ta ƙanne, ya tafi abinsa. Ashe sarin kayan ke nan, jirgin roba zai hau ya tsallaka Turai. Abokin tafiyarsa ne ya kira ni, ina ofis a Garki, ina tsakiyar cin shinkafa da wake a kan tebur. Ya ce jirgin ya kife suna hango gidajen wani tsibiri na Girka. An tsamo wasu da rai, an tsamo wasu babu rai, auta kuwa an kwana uku ana nema ba a gan shi ba. Na ce na gode. Na ajiye wayar, na ƙarasa shinkafata, na je famfo na wanke cokali, sannan na nemi izinin tashi.

Awa biyu na yi a cunkoson Nyanya, ban tsara ko kalma ɗaya da zan faɗa ba. Na tarar da Mama a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ban gama magana ba ta ajiye farantin a hankali, ta kafa mini ido.

"Sun binne shi?"

Na san abin da ake cewa a garinmu game da wanda ruwa ya riƙe: bai tafi ba, bai kuma dawo ba. Ina ƙarama na ga wata mata da kogi ya ci ɗanta, ta yi shekaru tana zuwa bakin kogin da tuwo a kwano. Ita na tuna, sai kawai na ji bakina ya ce eh.

"Da addu'a?"

"Da addu'a, Mama."

Sai a lokacin ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka, maƙwabta suka fara shigowa.

An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa dai ta yi 'ya'ya har da jikoki. Fasto ya tambaya, na ce an binne shi. Baffannina suka bugo waya daga ƙauye, na ce an binne shi. Matan zumunta suka so su ji ko akwai giciye a kan kabarin, na ce akwai, ƙarami, na katako. Kafin sati ya zagayo har bishiya na dasa masa a gefen kabarin, don wata inna ta damu da ko yana cikin rana.

A al'adarmu idan mutum ya mutu a nesa, ba a iya kawo gawarsa ba, to ƙasar kabarinsa ake ɗebowa. A kai ta gida, a haƙa ɗan rami kusa da kabarin mahaifinsa, a zuba, a yi addu'a. Daga ranar ne ake cewa ya iso gida. Kafin nan ba a raba kayansa, ba a buɗe ɗakinsa, uwarsa kuma ba ta cire baƙin ɗankwali. Coci ba ta hana ba, ba ta kuma ce a yi ba, kawar da kai take yi. Baffannina sun ce a yi haƙuri, wa zai je Girka? Ni ma da wannan na dogara. Ɗakin auta ya zauna a kulle, Mama tana share ƙofarsa kowace safiya. Sai ga oga ya sa sunana a jerin masu tafiya, don wadda ya kamata ta je fasfonta ya ƙare. Ina murna zan ga Turai, na manta Mama ta haddace sunan ƙasar.

Duk watannin nan ban yi kuka ba. A coci ana ta yabona, wai ga mace mai ƙarfin zuciya, wai Allah ya ba Mama bango. Ba ƙarfin zuciya ba ne. Ji nake kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta, ka tsunkule ta ka san ka tsunkula amma babu zafi. Ina cin abinci, ina barci, ina faɗa da masu keke Napep a kan canji kamar yadda na saba. Wani lokaci nakan kulle kaina a bayi in buɗe hoton auta a waya, in jira abin ya zo. Ba ya zuwa, sai in wanke hannu in fito.

Kwana biyar muka yi a Atina, babban birninsu, ana koya mana yadda ake adana takardun ofis a kwamfuta. Gwangwanin yana cikin akwatina, na cusa safa a ciki don kada ya loɓe. Ranar Asabar babu aji, abokan tafiyata suka shirya zuwa sayen jaka da turare. Na ce musu kaina ke ciwo. Da sassafe na hau wani ƙaramin jirgin sama zuwa tsibirin da abokin auta ya rubuto mini sunansa, zan dawo a jirgin yamma. Ban san me zan je yi ba. Na dai ga bai kamata in cika gwangwanin a bayan otal ba, ko ba komai in taka wurin.

Direban tasin da na samu dattijo ne mai furfura, Turancinsa yana ɗingishi, nawa ma ba gudu yake ba. Na nuna masa saƙon a waya, na ce ƙanena. Ya dube ni ta madubi, ya kashe rediyo. Bai tambaye ni ina za mu ba, ya hau da ni wani tudu, muka bi ta cikin gonakin zaitun har muka tsaya a wani fili da aka kewaye da waya. Nan ake binne waɗanda ruwa ya dawo da su.

Kaburbura ne a jere, kowanne da ɗan farin dutse a kansa. Wasu da suna, da yawa lamba ce kawai da kwanan wata. Na bi layi ina karantawa kamar mai neman fayil. Akwai guda biyu da kwanan watansu ya zo kusa da na auta. Na tsuguna a gaban ɗaya, na buɗe gwangwanin, na zaro safar. Ƙasa ce mai kyau, ja-ja, a bushe. Ɗiba biyu da hannu ta isa, kuma har abada babu wanda zai sani.

Na kasa. Ba tausayi ne ya hana ni ba, don ban ji komai ba, lissafi ne kawai. A wurinmu, wanda ka ɗebo ƙasarsa shi ka kawo gida. Idan na ɗebi wannan, ɗan wata na sace, zan kai shi in kwantar kusa da Baba, uwarsa tana can wata ƙasa tana share ƙofar ɗakinsa. Ni da nake zuwa coci da takalmi mai tsini, nake dariyar baffannina da camfe-camfensu, ga ni a tsugune na kasa taɓa ƙasa. Na mayar da murfin na tashi.

Direban ya gangara da ni bakin teku, inda ya ce a nan jiragen roba suka fi fitowa. Na ce to, ko yashin wurin ne in ɗiba, tunda nan ya nufa. Babu yashi. Tsakuwa ce zalla, manya da ƙanana, sumul-sumul, ruwa yana ta gara su. Can tsallake ga duwatsun Turkiyya ana ganinsu sarai, har da fararen gidaje a jikinsu. Na yi zaton zan ga ruwa iya ganina, ashe tsakanin bai fi a ce daga Jikwoyi ana hango tsaunin Karshi ba. Na tsaya daga bakin kwalta, jakata a hammata, iska tana neman cire mini ɗankwali. Direban ya sha taba ɗaya, ya sha ta biyu. Da ya ga ba ni da niyyar yin komai, ya ce rana ta yi, in zo ya kai ni inda zan ci abinci, zai dawo ya ɗauke ni da la'asar.

Haka na tsinci kaina a wata 'yar tashar jiragen ruwa, irin wadda ake sa hotonta a kalanda. Ƙarama ce, da ƙafa za ka zagaye ta cikin minti goma. An gina ta da dutse a lanƙwashe, kwale-kwalen masunta suna ɗaure a jere, shuɗi da ja da rawaya, kowanne da suna a goshinsa. A sama kan tudu akwai wata tsohuwar ganuwa da aka ce ta fi shekara ɗari biyar, a ƙarshen gaɓar kuma wata 'yar coci fara da ba ta fi shagon mai shayi ba. Ƙasan wurin duk shimfiɗaɗɗen dutse ne da ƙafafu suka goge har yana sheƙi. Gidajen abinci sun fito da teburansu har bakin ruwa. An shanya wasu halittun teku masu ƙafa takwas a igiya kamar wanki, kyanwoyi suna zaune a ƙasa sun ɗaga kai suna jiran rabo.

Mai ɗaya daga cikinsu, wani mutum mai tumbi da farar riga, ya tare ni da fara'a, ya ja mini kujera. Teburin yana dab da gaɓa, da na miƙe ƙafa takalmina zai leƙa ruwa. Ya shimfiɗa farar takarda a kan teburin, ya maƙale kusurwoyinta da ƙarfe don kada iska ta ɗauke. Ya kawo burodi da man zaitun da ruwan sanyi. Ya tambaye ni daga ina, na ce Najeriya, ya ambaci ƙwallon ƙafa, muka yi dariya. Na ji dariyar tana fita daga bakina daidai yadda ya kamata.

Su a can ba a takarda ake zaɓen kifi ba. Ya ce in taso, ya kai ni har kicin, ya ja wata durowa cike da ƙanƙara. Ga kifaye nan kwance, idanunsu garau. Ya ɗaga ɗaya ya buɗe mini kunnensa in ga ja, ya ce da asuba ƙaninsa ya kamo shi, a nan gaba kaɗan, ya nuna da haɓa wajen da na baro. Na ce shi nake so. Da a kasuwar Gudu ne da sai na juya shi sau uku na kushe shi, amma a nan kai kawai na gyaɗa.

Aka gasa shi da gishiri da lemon tsami, ba yaji, ba magi, ba komai. Aka haɗo da tumatir da albasa da wani farin cuku mai gishiri. Ina zaune ina kallon ruwan. Garau yake, ana ganin ƙasansa, ƙananan kifaye suna kai da kawowa a ƙarƙashin kwale-kwale. A teburin kusa da ni wasu Turawa mata da miji, fatarsu ta yi ja da rana, suna jefa musu gutsuren burodi. Na san sarai wane ruwa ne wannan. Na san me yake cikinsa, na kuma san me kifi yake ci. Na faɗa wa kaina haka dalla-dalla, kamar mai karanta wa oga takarda, ina jira in ji amai ko kuka ko wani abu ya taso. Abin da na ji kawai yunwa ce.

Na cinye kifin nan tas. Na juya shi na ci ɗaya gefen, na tsotse kan, na dangwale man da burodi. Yana da daɗi, ba zan yi ƙarya a kan wannan ba, ban taɓa cin kifi mai daɗinsa ba. Wata kyanwa mai ido ɗaya ta zo ta zauna a kan ƙafata, na ba ta jelar. Mai gidan ya zo ya ga ƙaya zalla a faranti, ya tafa hannu, ya kira matarsa ta zo ta gani. Can sai ga kankana an yanko, na ce ban ce a kawo ba, ya ce kyauta ce, haka suke yi wa baƙo. Ita ma na cinye.

Awa uku na yi a kujerar nan. Babu wanda ya ce in tashi, su ba sa kawo takardar kuɗi sai ka nema. Masunta suna gyaran raga, wani tsoho yana ta jan carbinsa na wasa, ƙararrawar 'yar cocin ta buga sau ɗaya. Na ɗauki hoton kwale-kwale guda biyu. Na amsa saƙon wata abokiyar aiki da ke tambayar wace kalar jaka nake so, na ce baƙa. Sai da na ga inuwar ganuwar ta sauko kan ruwa na duba agogo, saura rabin awa direba ya zo, gwangwani kuma babu komai a ciki.

Na waiga hagu da dama, dutse ne ko'ina. Ƙasa tana can birjik a gonakin zaitun da muka ratsa da safe, wadda ba ta kowa ba, amma kaina bai kawo mini wannan ba sai ina cikin jirgi. Abin da idona ya faɗa a kai shi ne tukwanen da aka jera a bakin gidan abincin, an shuka ɗoɗɗoya mai ƙananan ganye a ciki. Na ce ai wannan ma ƙasar tsibirin ce, ta sha iskar tekun, kuma ba a kan kowa take ba. Na ɗauki cokalin kankana, na matsa da kujerata, na fara kwasa a ɓoye ina zubawa a gwangwanin da ke cikin jakata. Babbar ma'aikaciyar gwamnati, mai mataki na goma sha biyu, tana satar ƙasa da cokali.

Ban kai cokali biyar ba na ji mutum a kaina. Matar mai gidan ce, gajeruwa, da baƙar riga, hannunta duk gari. Ta dubi cokalin, ta dubi jakar, ta yi wata magana da yarensu, ta kaɗa yatsa alamar a'a. Na buɗe baki zan ba da haƙuri, sai ta karɓe gwangwanin ta zazzage abin da na tara a cikin tukunyar, ta shige ciki da shi. Ta dawo tana jan wani buhun leda sabo fil, mai hoton furanni a jiki. Ta farke bakinsa da wuƙa, ta cika mini gwangwanin har baki, ta danna da tafin hannu. Sannan ta karyo reshen ɗoɗɗoya, ta naɗe gindinsa da jiƙaƙƙiyar takarda, ta nuna mini da hannu yadda zan dasa in riƙa ba shi ruwa. Mijin ya fassara, wai ta ce ta tukunyar ta gaji, wannan ce mai kyau, daga waje ake kawo ta.

Da wane Turancin zan yi mata bayani? Na ce na gode. Ta riƙe fuskata da hannu biyu ta sumbace ni a kumatu, na ji warin albasa da sabulu. Na rufe gwangwanin na sa a jaka. Reshen kuwa a kujerar tasi na manta shi.

Na naɗe gwangwanin a cikin zane na tura can ƙasan akwati, ina fargabar za a tare ni a filin jirgi. Babu wanda ya tambaya. Na sauka Abuja ranar Litinin, na kira Mama na ce na kawo. Ta ce baffannina biyu za su taso daga ƙauye ranar Asabar su karɓa, in zo da wuri.

Na isa Jikwoyi da hantsi. Mama ta share tsakar gida, ta dafa shinkafa, ta yanka kaza saboda baƙi. Ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin auta, ta zauna ta miƙe ƙafa, ta karɓi gwangwanin da hannu biyu. Ta daɗe tana riƙe da shi a ƙirji, bakinta yana motsi. Na tsaya a gefe da jakata, ina tunanin ko na kashe fanka a gida.

Ta ɗaga shi ta ɗan jijjiga, kamar mai auna nauyi. Sannan ta buɗe.

Ni rabona da fartanya tun ina firamare, a wurina ƙasa ƙasa ce. Mama kuwa da noma ta tashi, har yanzu tana da 'yar gonarta ta gyaɗa da yakuwa a hanyar Karshi. Bayan haka, farkon zuwanta Abuja ta yi shekara biyu tana cika wa masu sayar da fulawa ledoji a bakin titin Gudu. Ta ɗebo kaɗan a tafin hannu, baƙa wuluk, sakayau, da wasu fararen ƙwayoyi a ciki. Ta murza da yatsa. Ta kai hanci ta shinshina. Ta tsinci farar ƙwaya ɗaya ta matse, ta ruguje.

"Wannan ƙasan masu fulawa ne," in ji ta. "Na buhu."

Ta sake murza ta a tafin hannunta.

"Ƙasan kabari yana da nauyi, Yaya. Daga ƙasa-ƙasa ake tono shi. Wannan ko ruwan sama bai taɓa dukansa ba."

Wani mai tura ruwa ya wuce a waje yana buga jarka. Na buɗe baki da niyyar cewa haka ƙasarsu take a can, har na shirya yadda zan ce Turawa suna zuba irinta a kan kabari don furanni. Ta ɗago ta dube ni, sai maganar ta maƙale.

"Ruwa ya riƙe shi."

Ba tambaya ta yi ba, amma na ce eh.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar, Mama."

Na jira ihu. Na jira ta jefe ni da gwangwanin, ta ce na mayar da ita abin dariya a gaban coci da dangi. Da ta yi hakan da na ji sauƙi. Ƙasar da ke hannunta ta ci gaba da kallo, har na fara jin ƙaurin kazar tana neman ƙonewa, na je na sauke tukunyar na dawo. Na same ta yadda na bar ta.

"Ka je wurin?"

"Na je."

"Ka ga ruwan?"

"Na gani. Na zauna a bakinsa."

"Da sanyi?"

Na tsaya ina nema a kaina. Na tuna launinsa, na tuna ƙananan kifayen, na tuna takardar teburin da maƙalanta. Awa uku ina zaune, tsakanina da shi bai fi taku ɗaya ba.

"Ban taɓa ba, Mama."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Yaron nan ba ya son ruwan sanyi," ta ce. "Har ya yi gemu sai na dafa masa."

A nan ne abin ya zo. Ba a maƙabarta ba, ba a bakin teku ba, a tsakar gidan Jikwoyi da rana tsaka. Na zube a gefen tabarmar, wani sauti ya fito daga cikina da ban san ina da shi ba. Ƙanena ya mutu, yana cikin ruwa, ni kuma na je har kansa na kasa ko miƙa hannu. Zafin ya kama ni tun daga wuya har mara, na rasa inda zan sa kaina.

Mama ba ta rarrashe ni ba. Ta miƙa hannu ta jawo faifai, ta juye ƙasar a kai, ta baza ta da yatsu. Ta fara tsince fararen ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya tana tarawa a gefen zaninta, yadda take tsince tsakuwa a shinkafa. Baffannina manoma ne, su ma suna ganin fararen nan za su gane.

"Matso ka taya ni, idona ba ya gani sosai," ta ce.

Na matso ina shessheƙa, na fara tsinta. Wayata ta yi ƙara a jaka, baffa ne, ya ce sun wuce Nyanya.

Mama ba ta ɗago ba. "Wata tara ka ɗauka kai kaɗai, ya isa," ta ce. "In mun gama ka je ka wanke fuska. In sun tambayi kabari, ni zan amsa."